Layin da Koren Allo Ya Ɓoye

A Mandawari, idan ka bi lungun da ke bayan masallacin masu hula, gida na huɗu a hannun dama shi ne gidan marigayi Malam Sani mai gyaran tafireta. 'Ya'yansa maza biyu ne suka rayu, Sule da ƙaninsa Tajuddeen, shekara tara tsakaninsu. Ni maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ɗinkin hula nake yi, kuma a gabana aka raɗa wa Tajuddeen suna.

Sule tun yana yaro ba ya haɗiye magana. Tajuddeen kuwa sai ya yini a shagon ubansa ba ka ji muryarsa ba. Ya kwance tafireta ya jera ƙusoshinta a kan tabarma, manya gefe guda, ƙanana gefe guda, ya mayar da su ba tare da ko ɗaya ta yi saura ba. Yana da shekara goma sha huɗu Malam Sani ya rasu.

Wanda ya tsaya wa gidan shi ne aminin marigayin, Alhaji Ashafa, babba a sashen ma'aikata na wata hukumar gwamnati da ke kula da rumbunan hatsi. Ba sai na faɗi sunanta ba, an sake mata suna sau biyu tun daga lokacin. Shi ya samo wa Sule aikin kula da rumbu. Shi ya kai Tajuddeen makarantar koyon sana'a, da ya gama ya shigar da shi hukumar. Shi ya karɓa masa auren Mardiya. Da aka haifi ɗan fari, sunan Alhaji aka sa masa, har yau kuma Tajuddeen bai taɓa kiran yaron da sunan nan ba, Abba yake ce masa. Duk wanda ya ce Alhaji bai yi wa gidan nan alheri ba, bai faɗi gaskiya ba.

A shekarar 1988 hukumar ta kawo babbar na'ura don ajiye bayanan ma'aikata. Aka ware mata ɗaki mai sanyi wanda ba a shiga da takalmi. Daga jikinta wayoyi suka fita zuwa ofisoshi, kowace waya ta ƙare a wani akwati mai baƙin allo da koren rubutu, wanda suke kira taminal. Akwatin ba ya ajiye komai, abin da babbar na'ura ta aiko masa shi yake nunawa. Ba'indiyen da ya zo kafa ta ya lura da yaron da ke tsaye a bayansa kullum ba ya cewa komai. Da zai tafi ya bar masa wani littafi mai kauri kamar tubali. Shekara goma sha ɗaya Tajuddeen ne mai ɗakin sanyi. Mabuɗin yana rataye a wuyansa, a ƙarƙashin riga.

A 1995, lokacin soja, aka yi taron ma'aikata. Sule ya miƙe ya ce hatsi na ruɓewa a rumbun da yake kula da shi, an hana a buɗe, alhali mutane na neman abin kai wa baki. Bayan kwana uku wasu mutane cikin fararen kaya suka tare shi a Ƙofar Kabuga suka sa shi a mota. Kwana talatin da takwas ba wanda ya san inda yake. Da ya dawo yana ɗingishi, ya tarar da takarda tana jiransa: an kore shi saboda ya gudu daga aiki fiye da kwana talatin ba tare da izini ba. Waɗanda suka tsare shi ba su ba shi ko ƙyallen takarda ba.

Alhaji Ashafa ya zo jaje da goro. Ya ce zamani ne, a yi haƙuri. Kujerar Sule ba ta yi mako guda babu kowa ba. Yaron da aka ba wa, idan ya yi dariya, wushiryarsa irin ta wani gida ce da muka sani. Ba wanda ya kawo komai a ransa. Alhaji ya saba samo wa mutane aiki.

Da takardar nan a hannu babu inda za a ɗauki Sule. Ya koma tashar Kabuga yana kiran fasinja. Abin da ya fi ci masa rai ba rana ba ce, kalmar ce. "Ni na gudu?" Haka yake cewa ko ana zancen wani abu daban. "Ni Sule, na gudu?"

Sai ga 1999, soja suka koma bariki. Da damina ta yi nisa, sabuwar gwamnati ta kafa kwamiti ya duba waɗanda aka kora a zamanin soja. Ƙa'idarsu ɗaya ce, an kuma karanta ta a rediyo. Wanda aka kora bisa rahoton asiri ba tare da an saurare shi ba, za a wanke sunansa a mayar da shi aiki. Wanda ya gudu da kansa, babu ruwan kwamiti da shi. Za a rufe karɓar hujja ranar ƙarshe ta Nuwamba. Sule ya rubuta kokensa, ya kai da hannunsa. Aka ce masa ya kawo shaidar cewa rahoto aka kai a kansa. Fayil ɗinsa na takarda bai ce komai ba sai gudu. Allon na'ura ma haka.

A wannan daminar aka kawo wa hukumar sababbin kwamfutoci masu launi. Tsofaffin akwatunan sun fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, babu kayan gyaransu. Sai aka sa wa sababbin wata manhaja da ke sa su kwaikwayi tsohon taminal, ta yadda babbar na'ura za ta ɗauka da 'ya'yanta na da take magana. Kwaikwayon bai cika ba. Wata ranar Talata cikin Oktoba, Malama Hasana, wadda ta fi kowa daɗewa a kan tafireta kafin a mai da ita kan kwamfuta, ta leƙo ɗakin sanyi.

"Injiniya, zo ka ga amaryarka. Tun safe take yi mini rawa."

"Me ta yi kuma, Malama?"

"Idan na buɗe wasu mutane, ƙasan allon sai ya karkace. Ranar ɗaukar aiki ta koma gurbin garinsu. Ga wani nan an haife shi a Mataki na Bakwai."

"Kin taɓa wani abu?"

"Na taɓa kanka. Shekara ashirin da tafiretata ba ta taɓa haifar mutum a mataki ba."

Ya zauna a kujerarta. Mutum goma suka fito daidai, na sha ɗaya ya karkace. Ya lura cewa a duk wanda ya karkace, ɗan haske mai ƙiftawa da ke nuna inda ake rubutu yana tsallake wani fili a layin ƙarshe, fili baƙi wanda ba komai a cikinsa.

Daga baya ya yi mini bayani, ni da ban san komai ba sai allura. Ya ce babbar na'ura ba rubutu kaɗai take aikowa ba. Kafin kowace magana tana aiko da umarni wanda ido ba ya gani, kamar maigida ya aiki ɗan aike ya ce masa, wannan ka faɗa da ƙarfi, wannan ka ja masa layi, wannan ka sa ya riƙa ƙiftawa. Akwai kuma umarnin da ke cewa, wannan ka riƙe a cikinka. Rubutun ya iso, yana zaune a kan allo, yana cin wurinsa, amma an ce kada ya haska. Tsofaffin akwatunan sun iya riƙewa har ba a gane akwai abin da suka riƙe. Sabuwar manhajar tana riƙewa ita ma, sai dai tana kuskuren ƙidaya wurin da umarnin ya ci da gurbi guda, shi ya sa duk abin da ya biyo baya ya goce.

A cikin littafin Ba'indiye akwai hanyar kama irin wannan matsala. Ana sa allon ya daina bin umarni, ya nuna umarnin kansa. Tajuddeen ya jira Malama Hasana ta tafi sallar azahar, ya nemo wurin a cikin manhajar ya kunna. Allon ya cika da 'yan alamomi kamar tururuwa sun shiga tsakanin kalmomi. Ya bi su da yatsa: ga na kauri, ga na ja layi, ga na komawa daidai. A layin ƙarshe ya ga alamar ɓoyewa, kuma bayanta filin da yake baƙi ɗazu ya cika da rubutu.

Shafin na wani direba ne da aka kora a 1994. Tajuddeen ya karanta sau biyu. Sa'an nan ya buga sunan yayansa. Shi ma ɓoyayyen layin yana nan a shafinsa.

Da Turanci aka rubuta, gajere. Ma'anarsa ita ce: rahoton asiri, a kora ba tare da sauraro ba, a rubuta gudu. Sai kwanan wata, kwana biyu kafin a tare Sule a Kabuga. Sai lambar ma'aikacin da ya kai rahoton, 0417.

Shekara huɗu yana buɗe wannan shafin duk lokacin da ofis ya yi shiru, yana kallon kalmar gudu. Layin yana nan a ƙasanta duk tsawon lokacin.

Bai buga a takarda ba. Firintar tana tsakiyar babban ofis, idan ta fara kuka kowa sai ya ɗago kai. Ya ɗauko faifai ɗaya, irin baƙin nan mai kusurwa huɗu, ya kwashe duk abin da na'urar ta aiko, da umarnin da rubutun, ya zuba a ciki. Ya rubuta lambar a bayan katin wani ɗaurin aure da ke aljihunsa. Kafin Malama Hasana ta dawo ya gyara ƙidayar, ya kashe nunin, allon ya miƙe sarai.

Lamba huɗu ce. Da a ce ya buga ta a na'urar, da kafin ya ɗauke yatsa ta gaya masa mai ita. Ya ce mini yatsunsa sun kai kan maɓallan, ya janye. A hukumar, lamba tana bin shigowa. Duk wadda ba ta kai ɗari biyar ba ta dattawa ce, waɗanda suka shigo tun yana goyo. Shekara goma sha ɗaya mabuɗi na wuyansa, bai taɓa buɗe shafin ko ɗaya daga cikinsu ba. A can ne shekarun mutum na gaskiya suke, da yawan iyalinsa, da duk wata takardar gargaɗi da aka taɓa ba shi. Yaro ba ya ɗaga rigar babba. Ya ce a ransa wannan magana ta fi ƙarfinsa, ta manya ce, kuma shi yana da babba.

Bayan la'asar ya zo zauren Alhaji Ashafa. Ina nan a wurin da na saba zama, kusa da ƙofa inda haske yake. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya jira masu gaisuwa suka ragu. Ni ba a lissafa ni cikin baƙi a zauren nan.

"Taju, lafiya? Fuskarka kamar wanda ya ga maciji a randa."

"Baba, wani abu na gani a na'ura. Na ce kafin kowa ya ji, ku fara ji."

Ya faɗa masa komai, a hankali, idonsa a ƙasa. Da ya zo kan lambar, ya karanto ta daga bayan katin. Carbin Alhaji ya tsaya. Bai daɗe ba ya ci gaba.

"Ikon Allah. Ashe ƙarfe ma yana da ciki. Ka duba ko ta wace ce?"

"A'a, Baba. Na ga ta manya ce."

"Ka kyauta. Malam Sani ya bar baya. Yayanka ya sani?"

"Ban gaya masa ba. Kun san halinsa, yau ɗin nan zai tafi rediyo."

"Zai tafi kuwa, ya ɓata komai. Wannan abu ba a yi masa gaggawa. Shugaban kwamitin tare muka yi makaranta, ni zan kai masa da kaina, a zaune, ba a layi ba." Ya miƙo hannu. "Shi ke nan faifan?"

"Shi ne, Baba."

"Shi kaɗai ne?"

"Shi kaɗai ne."

Tajuddeen ya miƙa da hannu biyu. Yin wani kwafin bai ɗauke shi minti ɗaya ba, akwai faifai cike da kwali a ɗakin sanyi. Amma ajiye kwafi a ɓoye bayan ka kai wa babba magana, cewa ne ba ka yarda da shi ba. Wannan ko a zuci bai iya faɗa ba. Alhaji ya zura faifan a aljihun gaban rigarsa, ya yi masa addu'a mai tsawo. Ni na ga abin da na gani, na mai da kai kan hular da nake ɗinki.

Ranar Alhamis takarda ta fito. An zaɓi Tajuddeen ya je kwas na mako uku a Ibadan, kwas ɗin da ya nema sau huɗu ba a ba shi ba. Mardiya ta yi guɗa a tsakar gida. Sule ne ya ɗaukar masa jaka har tasha, ya samo masa kujerar gaba.

"Ka koyo abin da za ka koyo, ƙanina. Ka dawo ka tarar da ni a rumbu."

"In sha Allahu, Yaya. Akwai alheri a tafe."

"Wane alheri? Ka ji wani abu ne?"

"Ka dai yi ta addu'a."

Ya dawo ranar ashirin da ɗaya ga Nuwamba. Tun daga baranda ya ji babu ƙugin na'urar. Ƙofar ɗakin sanyi a buɗe take, an sake mata kwaɗo, ɗakin da zafi kamar ko'ina. Wani masinja na zaune a ciki da takalminsa yana cin gyaɗa.

A shekarar nan ana ta tsoron cewa idan shekara ta dubu biyu ta shigo tsofaffin na'urori za su rikice. Maganar sauya ta hukumar ta yi wata takwas a kan teburin Alhaji ba a sa hannu ba. Washegarin tafiyar Tajuddeen aka sa. Mutanen Legas suka zo, suka tambayi waɗanne bayanai ake amfani da su, aka nuna musu allo aka ce abin da kuka gani shi ke nan. Suka kwashe abin da ido ke gani zuwa sabuwar na'ura. Tsohuwar aka kashe ta, aka goge kaset-kaset ɗin ajiyarta don kada bayanan ma'aikata su faɗa hannun banza. An yi komai bisa ƙa'ida, da takarda da hatimi.

Ya zauna a sabuwar kwamfutar ya buɗe shafin Sule. Ya kunna nunin umarni. Babu alamar ɓoyewa, babu fili. Layin ƙarshe ya ƙare a kan kalmar gudu.

Malama Hasana ta same shi a haka.

"Injiniya, an dawo? Ina tsarabar Ibadan? Ko sun koya maka rowa ne?"

Ya ciro katin ɗaurin auren, ya juya bayansa ya ajiye a gabanta.

"Malama, wannan lambar ta wace ce?"

Ko sunkuyawa ba ta yi ba. "Sifili huɗu ɗaya bakwai? Haba, kai da ubanka? Ta Alhaji Ashafa ce mana. Shekara ashirin ina buga ta a takardar hutu." Sai ta dubi fuskarsa. "Me ya faru? Taju? Kawo masa ruwa, kai mai gyaɗa!"

Saura kwana tara. Washegari ya tafi wurin kwamitin da katin da bayanin da ya rubuta shafi uku. Sakataren, wani matashin lauya, ya karanta har ƙarshe, bai yi masa wulaƙanci ba.

"Malam, na ji ka. Amma kai ƙaninsa ne, kuma wannan rubutun hannunka ne. Ka kai mu gaban na'urar mu gani da idonmu, ko ka kawo faifan."

"Na'urar an goge ta."

"To faifan."

"Wani babba ya ce zai kawo wa shugaba."

Sakataren ya buɗe rajistar abubuwan da aka karɓa, ya bi ta da biro daga farko har ƙarshe, ya juya masa ita ya duba da kansa.

Da la'asar ya sake zuwa zauren. Ya cire takalmi. Na yi zaton wannan karon zai tsaya a tsaye. Ya durƙusa.

"Baba, faifan nan."

"Yana nan a wuri mai kyau."

"Kwamiti sun ce ba su gan shi ba."

"Ai na ce maka ba a gaggawa. Ya Ibadan? An ce ka fi kowa a ajin. Na ji daɗi ƙwarai."

"Baba, saura kwana takwas."

"Ya takwarana? An ce ya shiga izu biyar. Ka turo mini shi ranar Juma'a, akwai rigar da na ajiye masa." Ya juyo gare ni. "Malam, ka tuna ranar da muka karɓo auren yaron nan? Ruwan da aka yi?"

Na ce na tuna.

Tajuddeen ya daɗe a durƙushe. Lambar tana aljihunsa, ya san mai ita, mai ita ya san ya sani. Bakinsa ya motsa sau ɗaya. Abin da ya fito shi ne, "A tashi lafiya, Baba." Ya ja da baya har ƙofa kafin ya juya, kamar yadda aka koya masa.

Sule ya dawo daga tasha gab da magariba. Katangarmu ba ta da tsayi, kuma Sule ba ya magana a hankali.

"Ka gani da idonka?"

"Na gani, Yaya."

"An rubuta rahoto aka kai? An rubuta ban gudu ba?"

"An rubuta."

"Yaushe?"

"Kafin in tafi Ibadan."

"Kafin ka tafi. Na ɗaukar maka jaka. Kana kallona ina roƙon direba ya ba ka gaba, abin yana cikinka."

"Na ji tsoron kada ka yi gaggawa."

"To ina kwafin? Ɗauko kwafin, yanzu mu tafi gidan sakataren."

Sai na sake jin muryar Sule.

"Tajuddeen. Ko ɗaya?"

"Yaya, Baba ne fa."

"Baba ne," in ji Sule. Ya maimaita, a hankali, irin yadda ban taɓa jin ya yi magana ba. "Baba ne." Daga nan sai ƙarar buta.

Sule ya je zauren Alhaji washegari, ya faɗi abin da ya faɗa a tsaye, da takalmi a ƙafa. Mutanen unguwa suka riƙe shi. Abin da aka tafi da shi gida shi ne Sule ya zagi aminin ubansa, wanda ya ci da su. Tun da ma an san bakinsa. An tambaye ni ko na san wani abu game da wani faifai. Na ce ni hula nake ɗinki.

Ana saura kwana biyu azumi aka liƙa sakamakon a allon sanarwa na hukumar. Mutum sittin da ɗaya aka wanke. Sunan Sule yana shafi na biyu, ƙarƙashin waɗanda ba a samu hujja a kansu ba. Direban nan na 1994 yana layi uku a samansa.

Bayan sallah aka ƙara wa Tajuddeen girma, aka ba shi shugabancin sabon sashen kwamfuta. Alhaji ne ya rubuta takardar yabon, aikinsa na ƙarshe kafin ya yi ritaya. Tajuddeen bai ƙi ba. Yana da 'ya'ya biyar, kuma ƙin karɓa sai an faɗi dalili. A tashar Kabuga an ce ya sayar da yayansa da kujera. A unguwa an ce ga ɗan halak, ga kuma ɗan'uwansa. Ya ji duka biyun. Ya yi shekara goma sha biyu a kujerar. Yaran da suka yi aiki a ƙarƙashinsa suna cewa ba su taɓa ganin mai tsanani a kan kwafi irinsa ba, komai ƙanƙantar abu sai an ajiye uku, ɗaya a wajen ginin. Suna yi masa dariya a kan haka.

Yanzu ya yi ritaya. Ya yi furfura kafin lokacinsa. Yana gyara wa 'yan unguwa kwamfuta a ɗakin da ubansa yake gyaran tafireta, kuma har yanzu ba ka jin muryarsa. Ranar jana'izar Alhaji Ashafa yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Amma abin da ya faru a azumin 1999 ɗin nan shi ne ban manta ba. Gidan Malam Sani ƙofa ɗaya gare shi tun kakanni, kowa ta zaure yake shiga ya fita, ko ana shiri ko ba a yi. Ranar goma ga wata, da hantsi, Sule ya zo da magini zai fasa wa kansa ƙofa. Suka auna katangar bayan ɗakinsa, wadda ta fuskanci lungun kwata. Dattawan unguwa suka zo suka ba shi baki, liman ma ya zo. Sule ya ce bai yi faɗa da kowa ba, hanyar tasha ta fi kusa ta nan.

Magini ya fara sara. Katangar ƙasa ce mai kauri, aikin ya kai har bayan azahar. Tajuddeen ya dawo daga ofis ya tarar da rami a jikin gidan ubansa, haske na shigowa ta inda bai taɓa shigowa ba. Ya tsaya ya duba. Sa'an nan ya cire rigar ofis ya rataye, ya ɗauki kwando ya shiga kwashe ƙasar yana kaiwa bakin lungu. Sule yana tsaye riƙe da ƙyauren da za a kafa. Bai hana shi ba, bai kuma dube shi ba.